Jinyar al'umma a Nijar: yadda ake kai kulawa ga masu rauni

Jinyar al'umma ita ce kulawar da ma'aikacin lafiya ke kai wa mutane a ƙauyensu ko a unguwarsu, maimakon ya zauna jiran su a babbar likita. Aikin ya haɗa riga-kafi da wayar da kai da maganin ƙananan cututtuka, da kuma gaggauta tura wanda ciwonsa ya yi tsanani zuwa gaba. Taron Alma-Ata na 1978 ne ya sa ƙasashe suka ɗauki wannan tsari a matsayin ginshiƙin kiwon lafiya. A tarihin Musulunci ma ana ambaton Rufaida al-Aslamiyya, Allah Ya yarda da ita, wadda ta yi jinyar masu rauni a cikin hemarta a Madina.

Waɗanda aka fi nufi

Su ne ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu juna biyu da masu shayarwa, da tsofaffi, da naƙasassu. Akwai kuma makiyaya da ke nesa da gari, da waɗanda rikici ya raba da gidajensu kamar a jihohin Diffa da Tillaberi. Abin da ya haɗa su shi ne nisa da talauci: ciwon da za a iya kashewa da magani mai araha kan yi ajalin mutum saboda an makara.

Yadda tsarin yake

Mataki na farko shi ne ɗakin shan magani na ƙauye. An gina kimanin 2,000 a zamanin shugaba Tandja Mamadou. Sama da shi akwai cibiyar lafiya da aka sani da CSI, inda malaman jinya da ungozomomi ke aiki, sannan likitar gunduma. A cikin gari kuma akwai 'yan sa-kai da aka horar, masu bin gida-gida.

Tun 2006 gwamnati ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa mutuwar yaran ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma lissafa kusanto da magani ga jama'a cikin dalilan hakan.

Manyan ayyuka

Masassarar cizon sauro: ana ɗiga jinin yatsa a gwada kafin a ba da magani. Da damina kuma, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012, ana raba maganin riga-kafi ga yara daga wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata. Ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana biyun da suka rage. In ta bari, kariyar ba ta cika ba.

Tamowa: ana auna damtsen yaro da wani zare mai launi uku. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Haka ma kumburin ƙafafu biyu. Yaron da ke iya cin abinci ana ba shi Plumpy'Nut ya ci a gida, a riƙa kawo shi awo. Wannan magani ne, ba na rabawa da 'yan'uwa ba ne, ba kuma na kai wa kasuwa ba.

Zawo da ciwon haƙarƙari: ga zawo, ruwan gishiri da sukari na ƙunshi tare da ƙwayar zinc. Ga tari kuma ana ƙirga numfashi. Ya kai 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, to yana buƙatar magani.

Alamomin da ba a kwana da su

Yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana aman duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ga mai ciki kuwa: zubar jini, matsanancin ciwon kai, kumburin fuska, ko naƙuda mai tsawo. Duk waɗannan na CSI ne nan take.

Matsaloli da rawar jama'a

Jinkirin biyan cibiyoyi kuɗin maganin kyauta kan jawo yankewar magani. Ma'aikata sun yi kaɗan a karkara, rashin tsaro kuma ya rufe wasu cibiyoyi. Wani jinkirin daga gida yake, idan mace na jiran izini ko kuɗin mota. Wannan ne ya sa aka soma makarantun mazaje a jihar Damagaram tare da hukumar UNFPA, inda magidanta ke tattauna lafiyar iyalinsu.

Masallaci na da abin yi a nan: sanar da ranakun riga-kafi bayan salla, tara asusun kai marar lafiya likita, da duba tsofaffin da ba su da mai kula. Magidanci kuma ya ba iyalinsa izini tun kafin buƙata ta taso. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.