Tarihin Tayar Hunturu: Daga Lakar Finlan Zuwa Ƙanƙarar Manyan Tituna

Tayar hunturu, wato tayar da aka ƙera domin tafiya a cikin dusar ƙanƙara da laka da kuma kan ƙanƙarar da ta daskare a hanya, ba ta cika shekara ɗari da samuwa ba, kuma a cikin wannan ɗan lokaci matsalar da aka ƙirƙire ta dominta ta sauya kama fiye da sau ɗaya. Tayar roba mai iska ta riga ta zuwa da kusan rabin ƙarni, domin John Boyd Dunlop ya ƙera tasa a birnin Belfast a 1888, kamfanin Michelin na Faransa kuma ya ɗora irinta a kan mota a 1895, sai dai tayoyin wancan zamani ba su da wani zane mai zurfi da zai kama ƙasa. Dabarar farko da ta karɓu ita ce sarƙa, wadda Harry Weed, mutumin jihar New York, ya yi wa rajista a 1904, ana naɗe taya da ita idan hanya ta ɓaci, a kwance ta idan an fito kan busasshiyar ƙasa. Sarƙa tana aiki, amma ba ta yarda da gudu, tana cin taya, kuma ɗaura ta da daskararrun yatsu a bakin hanya wahala ce da direbobi suka daɗe suna neman rabuwa da ita.

Ƙasar Finlan ce ta fara kawo mafita, kuma ba abin mamaki ba ne, ganin cewa dusar ƙanƙara kan rufe arewacinta kusan rabin shekara, sannan idan ta narke hanyoyin karkara su rikiɗe su zama taɓo. Wani kamfanin roba da aka kafa a 1898, wanda daga baya ya koma garin Nokia kusa da Tampere, ya yi suna ne da takalman roba na shiga ruwa kafin ya soma ƙera tayoyin mota a 1932. A 1934 ya fitar da Kelirengas, tayar hunturu ta farko a duniya, wadda aka yi wa manyan motocin dakon kaya, domin su ne ke bin hanyoyin daji da ba a share su, a lokacin da doki da keken da ake ja a kan ƙanƙara ke ɗauke da mafi yawan sufurin karkara. Bayan shekara biyu, a 1936, aka fitar da Hakkapeliitta domin ƙananan motoci, sunan da har yau ake sayar da taya da shi. Wannan kamfanin roba yana cikin uku da suka haɗe a 1967 suka zama Nokia ɗin da aka sani da wayar hannu, kafin sashen taya ya ware a 1988.

Abin da ya bambanta Kelirengas shi ne manyan ramuka masu zurfi da aka yanka a gicciye, kuma fahimtar aikinsu ita ce mabuɗin sauran tarihin. A cikin laka, ana son zanen taya, wato tudu da kwarin da ke fuskarta, ya kasance mai faɗin rami, domin haƙoran su nutse su tarar da ƙasa mai ƙarfi, sannan lakar ta zube yayin da taya ke juyawa, in kuwa ba ta zube ba, tayar takan cushe ta zama sumul kamar sanƙo. Dusar ƙanƙara kuwa tana son akasin haka zuwa wani mataki, domin dusar da ta cushe a ramukan taya tana manne wa dusar da ke ƙasa fiye da yadda roba ke manne mata. A hanyoyin shekarun 1930, inda dusa ke kwance sako-sako a kan ƙasa mai laushi, zane guda mai manyan haƙora ya wadatar da buƙatun biyu, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar laka da dusar ƙanƙara a matsayin matsala ɗaya.

Daga wannan fahimta ce alamar M+S ta samo asali, haruffan farko na kalmomin Ingilishi biyu masu nufin laka da dusar ƙanƙara, waɗanda suka yaɗu a jikin tayoyi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka, inda Goodyear ya fitar da tayar Suburbanite a 1952, al'adar ita ce a sayi biyu kawai a ɗaura a baya, saboda ƙafafun baya ne ke tura motocin wancan lokaci, kuma abin da ya dami direba shi ne kada ya maƙale a ƙofar gida. Ƙananan motocin Turai sun yi fice a irin wannan yanayi fiye da yadda girmansu ya nuna. Citroën 2CV, wadda ta fito a 1948 domin manoman Faransa, tayarta ba ta wuce milimita 125 a faɗi ba, Volkswagen Beetle kuma injinta na baya, nauyinsa na danne ƙafafun da ke tura ta. Siririyar taya tana tattara nauyin mota a ƙaramin wuri, ta yanka dusa ko caɓi ta isa ƙasa, alhali mai faɗi tana shawagi a sama.

Sauyi ya zo ne daga hukumomin hanya. Da aka soma share tituna da manyan motoci masu garma, zirga-zirga kuma ta ƙaru, sai ragowar dusar ta riƙa dannewa tana gogewa har ta koma ƙanƙara mai santsi, wadda manyan haƙora ba su da abin da za su kama a jikinta. Amsar ita ce ƙusoshi, wato ƙananan ƙarafa masu tsananin tauri da ake dasawa a cikin roba, kansu ya leƙo da kimanin milimita ɗaya, kuma masana'antar Nokia ta fitar da irin wannan taya a 1961. Tseren motoci ya taimaka wajen tallata fasahar tuƙin 'yan arewacin Turai a kan ƙanƙara, domin Erik Carlsson na Suwidin ya lashe gasar Monte Carlo da ƙaramar Saab 96 a 1962 da 1963, 'yan Finlan biyu kuma, Timo Mäkinen da Rauno Aaltonen, suka lashe ta da Mini a 1965 da 1967.

Ƙusa ba ta bambance ƙanƙara da kwalta, don haka a ranakun da hanya ta bushe takan kankare titi, ta bar kwari biyu inda ƙafafu ke bi, ta kuma tayar da ƙura mai cutar da huhu. Jamus ta Yamma ta haramta ta a 1975. A Japan, ƙurar da ta addabi birane irin su Sendai ta sa aka kafa dokar hana ta a 1990, birnin Oslo ya ɗora wa masu amfani da ita haraji a 1999, Stockholm kuma ta hana ta a titin Hornsgatan a 2010. Wannan matsi ne ya tilasta wa masana'antu komawa ga robar kanta. Roba irin ta bazara tana soma taurara idan sanyi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 7 a ma'aunin Salsiyas, saboda haka aka haɗa wadda ke zama da laushi a tsananin sanyi, aka kuma cika fuskarta da ɗaruruwan siraran tsagu, dabarar da John Sipe ya yi wa rajista tun 1923. Santsin ƙanƙara yana zuwa ne daga siririn ruwan da ke kanta, tsagun kuma suna buɗewa su share shi, gefunansu su kama. Tayar Blizzak ta Bridgestone, wadda ta fito a 1988, tana cikin fitattun wannan zubi.

A nan ne alamar M+S ta rasa ƙimarta, domin siffar zane kawai take nunawa, babu wani gwaji a kan dusa da ke bayanta. A 1999 ƙungiyoyin masu ƙera taya na Amurka da Kanada suka amince da sabuwar alama, hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusa a tsakiya, wadda taya ba ta samun ta sai ta ci jarrabawar riƙo a kan dusar ƙanƙara. Lardin Kebek na Kanada ya wajabta tayar hunturu a 2008, Jamus ta daina karɓar M+S kaɗai daga Oktoban 2024, Suwidin da Finlan kuma suna neman zurfin zane na aƙalla milimita 3.

Mai ƙaramar tsohuwar mota ya gaji duk waɗannan matakai a lokaci guda, kuma ya fi kowa buƙatar bambance su, tunda motarsa ba ta da na'urar hana birki kullewa ko ta daidaita mota idan ta zame. Tayar laka mai manyan haƙora, wadda ido ke gani ya gamsu, ita ce mafi rauni a kan ƙanƙara, tayar hunturu ta zamani kuwa tana iya wa caɓi marar zurfi amma tana cushewa a taɓo mai kauri, don haka zaɓin ya rataya ne a kan wacce hanya aka fi bi. Tsohuwar al'adar sayen biyu ta zama haɗari a motar da ƙafafun gaba ke ja, domin idan aka ɗaura su a gaba, gaba zai kama, baya ya wulwula a kwana. Ƙananan girma irin inci 12 da 13 sun yi ƙaranci a kasuwa, abin da kan tura mutane ga tsofaffin tayoyi, alhali roba tana taurara da shekaru ko da zane bai cinye ba, kuma lambobi huɗu da ke gefen taya tun shekarar 2000 suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Wasu daga cikin tayoyin da aka cire a Turai sukan ƙare a kasuwannin Afirka ta Yamma cikin kayan da ake kira 'yan Beljiyam, da alamar dutse da dusa a gefensu. Zurfin zanensu yakan burge mai saye, sai dai robar da aka haɗa domin sanyi tana yin laushi fiye da kima a kan kwalta mai zafi, ta cinye da wuri, ta kuma tsawaita tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya idan an taka birki.