Obadiraf: Aro Ne, Rance Ne, Ko Lamuni?

Ɗalibin jami'a a Birtaniya, idan lokacin biyan haya ya matso kuma asusunsa ya yi ƙasa, ba ya cewa zai ci bashi. Cewa yake yi zai nemi banki ya ƙara masa obadiraf. Kalmomin Turanci biyu aka haɗa: ɗaya zarcewa, ɗaya ciro kuɗi. Sunan ya faɗi abin da mutum ya yi, wato ya cire fiye da abin da ya ajiye, amma ya yi shiru a kan wanda ke bin wani.

Da wane suna Bahaushe zai kira wannan abu? Aro bai dace ba, domin abin da ka ara shi ɗin za ka mayar, kamar tsani ko keke. Rance ya fi kusa, tun da kuɗi ne ake kashewa a mayar da kwatankwacinsu, sai dai shi rance ana ƙirga maka shi ne a hannu lokaci guda. Obadiraf kuwa izini ne: banki ya amince asusunka ya gangara ƙasa da sifiri zuwa wani adadi, ko ka taɓa ko kada ka taɓa. Kalmar da ta fi kama shi ita ce lamuni, irin wanda dillali ke yi wa ɗan kasuwar da ya yarda da shi.

Tarihi ma ya goyi bayan haka. A 1728 ne bankin Royal Bank of Scotland ya yarda wa wani attajirin Edinbura, William Hog, ya riƙa cirar har fam 1,000 fiye da ajiyarsa. Tsarin da ya biyo baya a Sikotland ya dogara ne ga mutane biyu ko fiye da za su tsaya wa mai karɓa. Yau ba a neman masu tsayawa. Madadinsu shi ne kundin da kamfanoni irin su Experian da Equifax ke ajiyewa game da yadda kowa ke biyan abin da ake binsa. Ɗalibin da ya nemi ƙari, nan za a leƙa, a kuma duba ko kuɗin karatunsa ta wannan asusun suke shigowa. Shi ya sa baƙon ɗalibi daga Kano ko Damagaram, wanda bai daɗe a ƙasar ba, da wuya ya samu.

Kalmomin tallan obadiraf su ma suna son a tsaya a kansu. "Har zuwa fam 3,000," kamar yadda HSBC da Nationwide suka sha tallatawa, ƙololuwa ce da ake hawa mataki-mataki, galibi sai a shekarar karatu ta uku, kuma ba kowa ake kaiwa can ba. "Babu kuɗin ruwa" gaskiya ne, amma a cikin iyakar da aka shirya kawai, kuma muddin sunanka ɗalibi. Bayan kammalawa ana sauya asusun, a riƙa rage kason da ba shi da ruwa shekara-shekara. Abin da ya rage sai ya faɗa tsarin kowa da kowa, inda tun 2020, bayan hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi ta hana cajin yini-yini da na wata-wata, manyan bankuna da yawa suka tsayar da ruwan a kusan kashi 40 cikin 100 a shekara.

Akwai kuma sharaɗin da ba a sa shi a allon talla: banki na da ikon neman kuɗinsa duk lokacin da ya ga dama. Wannan ya bambanta shi da rancen karatu na gwamnati, wanda ba a fara cirewa sai albashin mutum ya kai wani mizani.

Saboda haka abin suna biyu gare shi a Hausa. Muddin ba a taɓa shi ba, lamuni ne. Ranar da aka sayi ko burodi da shi, ya zama bashi. Mai cike takardar neman ƙari ya kamata ya yi lissafinsa da suna na biyun, domin da shi banki zai neme shi.