Tauraron Masar da Ba a Masar Ya Tsiro ba

A lambunan Fulorida da Teksas akwai wani fure da ake shukawa musamman don malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma. Sunansa pentas, daga kalmar Girkanci mai nufin biyar, saboda kowane ƙaramin furensa tauraro ne mai tsini biyar. Amurkawa na kiransa tauraron Masar, alhali asalinsa tsaunukan Yaman ne da gabashin Afirka, daga Habasha zuwa Tanzaniya. Dangin gahawa ne, kuma ɗan'uwan gauɗe da tafashiya da muka sani a dazuzzukanmu.

Shigarsa littattafan Turai ta zo da asarar rai. A shekarar 1761 Sarkin Denmak, Frederick na Biyar, ya tura ayarin mutum shida zuwa ƙasar Larabawa don neman ilimi. Cikinsu akwai Peter Forsskål, ɗalibin shahararren masanin tsirrai Carl Linnaeus. Shekara biyu kafin tafiyar, hukumomin Suwidin sun haramta wani ɗan littafi da Forsskål ya rubuta yana neman 'yancin ɗab'i. Ayarin ya shafe kusan shekara guda a Masar, ya isa Yaman a ƙarshen 1762. A can Forsskål ya tsinci wannan fure ya rubuta siffarsa, amma zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a garin Yarim a watan Yulin 1763, yana da shekara 31. Itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa, maganin cutar da ta yi ajalinsa, shi ma a dangin furen yake.

Cikin mutum shidan, Carsten Niebuhr kaɗai ya koma gida, a 1767. Shi ya riƙe amanar takardun abokin tafiyarsa, ya buga su a 1775 cikin littafi kan tsirran Masar da ƙasar Larabawa. A 1844 Baturen Ingila George Bentham ya raɗa wa jinsin suna Pentas, sannan a 1889 Bafaranshe Albert Deflers ya ba furen sunan da yake amsawa har yau, Pentas lanceolata.

Shekaru da dama ana yin ado da shi. A 2006 masu kiwon zuma a Amurka suka fara iske amyoyinsu wayam, ƙudan sun ɓace. Abin tsoro ne, domin 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da yawa ba sa haihuwa sai ƙwari sun yi musu barbara. A 2014 Shugaba Barack Obama ya umarci hukumomin gwamnati su tsara yadda za a kare waɗannan ƙwari, magidanta kuma suka duƙufa keɓe musu wani sashe na lambunansu. Pentas ya samu karɓuwa saboda yana fure muddin da zafi, lokacin da wasu furannin suka yanƙwane, kuma ruwan zaƙinsa na taruwa a gindin wani siririn bututu da dogon bakin malam-buɗe-littafi ke kaiwa.

Ƙa'idojin renonsa kuwa duk labarin mahaifarsa suke bayarwa. Yana son rana ta aƙalla awa shida, da ƙasa mai tsane ruwa irin ta gangaren dutse, domin ruwa mai kwanciya na ruɓar da saiwarsa. Sanyi mai ƙanƙara na kashe shi, shi ya sa yake shekaru a kudancin Fulorida amma a arewacin Amurka sai an sake shukawa kowace shekara. Ana tsinke busassun furanni don sababbi su fito. Maganin ƙwari kuwa ba a kusanto da shi, ko da tsutsa ta ci ganye, domin wanda ya kira baƙi cin abinci ba ya zuba guba a akushi.

Furen ya ƙetare teku, an laƙaba masa sunan ƙasar da ba tasa ba, amma bai bar halin gidansu ba. Wanda ya san inda ya fito ya riga ya san yadda zai rene shi.