Ƙuri'ar iyaye da azuzuwan zana a Bukoki

Sunan unguwar Bukoki a Yamai daga bukkoki ya samo asali, kuma duk wanda ya taɓa zama a kwamitin makaranta a can ya san bukka ba ta bar lakkwal ba. Da damina ta ɗauke, watan Oktoba ya kama, maganar zana da itacen rumfa ake fara yi kafin ta littafi.

Dokar ilimi ta LOSEN ta 1998 ce ta buɗe wa iyaye ƙofa, sannan aka kafa kwamitocin kula da makarantu na COGES a farkon shekarun 2000. Da fari suna ne kawai. Mai unguwa ya nuna mutuminsa, darakta ya amince, iyaye su ɗaga hannu, don wa zai ƙi a gaban manya?

Canjin daga Tawa ya taso. A 2004 shirin "École pour tous", da tallafin hukumar JICA ta Japan, ya kawo zaɓen 'yan kwamiti ta ƙuri'ar asiri. Daga nan ya wuce Damagaram, a 2007 ya game ƙasa, daga baya sunan kwamitocin ya koma CGDES. Abin ya yi tasiri ƙwarai. Uwar da ke sai da ƙosai a bakin kasuwar Katako ta samu ƙuri'a daidai da ta alhajin da ke da shago a ciki, ma'aji kuma dole ya tsaya tsakar makaranta ya karanta lissafin kuɗi dala-dala, mata na zaune kan tabarmi suna yi masa tambaya.

Sai dai birni ba ƙauye ba ne. A ƙauye ana yin gayya a buga tubali. A Bukoki yawanci 'yan haya ne da masu neman na yau, ranar taro ranar kasuwa ce, mai hali kuwa ya kai ɗansa makarantar kuɗi. Nauyin ya faɗa kan waɗanda aljihunsu bai wuce zana ba.

Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A Nuwamba irinta ta auku a Maraɗi, gwamnati ta hana sa ƙananan yara 'yan rainon makaranta cikin rumfunan. Kwamiti yana iya zaɓe, yana iya tara kuɗi, amma gina aji na siminti aikin gwamnati ne, kuma iyayen Bukoki suna da haƙƙin tambayarta a kai.