Dodon ruwan Goronyo

'Yan'uwa matasa, in kuka ci karo da zanen dodon teku mai dogon baki kamar na kada, da filafilan iyo a madadin ƙafafu, ku duba sunan da ke ƙarƙashinsa. Akwai wanda ake kira Goronyosaurus, daga Goronyo ta jihar Sakkwato. Masana duwatsu, irin waɗanda ake horarwa nan ABU Samaru, sun ce teku ya taɓa ratso Sahara ya malale ƙasar Sakkwato, fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce.

A 1930 William Swinton, masani ɗan Birtaniya, ya yi bayanin ƙasusuwan farko. Daga baya ayarin 'yan Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli ya tono ƙoƙon kai, aka raɗa wa dabbar wannan suna a 1972. Sai dai ƙoƙon a murƙushe yake, dole suka harhaɗa shi da hasashe. A 1988 wani masani, Soliar, ya sake dubawa, ya ga an ɗauki wasu ƙasusuwan a abin da ba su ba ne, siffar kan ta canza. Launin fatar kuwa, shuɗi ko toka-toka, zaɓin mai zane ne. Dutsen Goronyo ƙashi da haƙori ya ajiye mana.