Makahon Girka da Sirrin Kirarinsa

Girkawa sun ce Homa makaho ne. Waƙarsa ta Iliyad ta haura layi 15,000, Odisi kuma ta haura 12,000, kuma an tsara su wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, lokacin da rubutu bai gama zama a ƙasar ba. To yaya mutum ɗaya ya riƙe wannan duka a ka? A 1795 wani malami Bajamushe, Friedrich Wolf, ya ce gutsattsarin waƙoƙin mutane da yawa ne aka ɗinke daga baya. Aka shafe fiye da shekara ɗari ana kai ruwa rana.

Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne maimaici. Mawaƙin nan ya iya nuna jaririn jarumi Hekta yana tsandara kuka don tsoron gashin doki da ke kaɗawa bisa kwalkwalin ubansa, har iyayen suka yi dariya alhali ajali na jiran uban a bayan ganuwa. Ya iya nuna tsoho Sarki Piriyam ya durƙusa yana sumbatar hannun da ya kashe masa ɗa, yana roƙon gawa. Amma mawaƙin nan ne yake yi wa jarumi Akilis kirarin saurin gudu ko da yana zaune cikin tanti yana cika yana batsewa. Wasu suka ce kasala ce.

Wani matashi Ba'amurke, Milman Parry, shi ya kwance ƙullin. A digirinsa na 1928 a Faris ya nuna cewa kowane kirari an auna shi daidai da gurbin da zai cike a karin waƙar. Daga 1933 zuwa 1935 ya bi ƙauyukan Yugoslabiya, daga baya tare da ɗalibinsa Albert Lord, yana ɗaukar muryar mawaƙan da ba su iya karatu ba. Can ya sami Avdo Međedović, wanda ya rera waƙar da ta haura layi 12,000. Aka sa shi ya saurari wata waƙa mai layi wajen 2,300 da bai taɓa ji ba. Da ya maimaita ta, ta kusa ninka uku, kuma ƙarin ya tafi wajen siffanta mutane da abin da ke cin ransu. Ashe ba hadda yake yi ba, ƙira yake yi nan take.

A ganina wanda ya tashi da amon kalangu ba ya bukatar dogon bayani a nan. Direban da ke sauraren Mamman Shata a tashar motar Sabon Tasha ya san waƙarsa Bakandamiya ba ta fita iri ɗaya sau biyu. A zamaninsa Shata kan jefa kirarin da bakinsa ya saba, 'yan amshi su karɓa, cikin wannan ɗan numfashi ya ƙera baitin da zai taɓa zuciya. Dandatti Abdulƙadir ya rubuta digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975. Abin takaici, har yau muna yi wa masu irin wannan baiwa kallon maroƙa kawai.

Parry bai ga ƙarshen aikinsa ba, harbin bindiga ya kashe shi a Disamba 1935 yana da shekara 33. Lord ne ya fitar da littafi kan binciken a 1960, inda ya kawo hujjar cewa Homa shifta ya yi wa wani marubuci, yana rerawa a hankali ana rubutawa, abin da ya ba shi sararin tsawaita waƙar fiye da yadda taron dare ɗaya zai ɗauka.