Gwaranci: Yadda Sunan Mutane Ya Koma Sunan Hali

Wannan makon za mu tsaya ne a kan kalma guda, wadda babu wani a cikinmu da bai taɓa furta ta yana dariya ba.

Idan yaro ya fara koyon magana yana harhaɗa kalmomi, uwarsa takan ce ya fara gwaranci. Idan baƙo ya shigo kasuwa ya ce "matata ya zo", sai a ƙyafta wa juna ido, a ce gwaranci yake yi. Ga Bakano ko Bakatsine wannan kalma ce kamar kowace. Mu kuwa da muka tashi a ƙasar Birnin Gwari, sunan garinmu ne a cikinta, kuma Maigwari muke kiran sarkinmu.

Hausa ba ta da talaucin kalmomin hali. Akwai tsaki da ƙwafa da harara da gatsine, akwai yanga da rangwaɗa da shagwaɓa da iyayi. Ko a matsalar furuci muna bambanta mai in'ina da mai tsamin baki. Duk waɗannan abin da mutum ya yi suke kira da sunansa, ba ruwansu da gidan da ya fito. Amma akwai wata hanya ta biyu. Da "ba" da muke sa wa a gaba mu ce Bakatsine, da "anci" da muke sa wa a baya mu ce Katsinanci, su ne dai muka ɗauka muka yi baƙauye da ƙauyanci, bagidaje da gidadanci. A nan asali da hali suka shiga riga ɗaya. Gwaranci a cikin wannan rigar yake: da farko harshen Gwarawa ne, daga baya ya zama sunan kowace magana da ba ta fita daidai ba.

Gwarawa tsofaffin mazauna ne na ƙasar da ta taso daga nan yankinmu ta bi ta Kaduna da Kuta da Minna har Abuja. A makaranta mun haddace sunansu cikin Banza Bakwai, tare da Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da sauransu, kuma ita kanta kalmar "banza" ta isa ta nuna wanda ya tsara jerin. A ƙarni na 19 ƙasarsu ta sha hare-haren neman bayi. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa Kontagora, ɗansa Ibrahim ya ci gaba da kai farmaki kan Gwarawa da Kamukawa har Turawa suka ci garin a 1901. Wanda aka kamo da girmansa aka kai shi gidan Hausawa, dole ya koyi harshen da bai tsotsa a nono ba, a gaban mutanen da ke da ikon yi masa dariya shi kuma ba shi da ikon ramawa. A namu ganin, a irin waɗannan gidaje ne kalmar ta yi nauyin da take da shi yau.

Abin dariyar kuwa shi ne, sunan Gwari kansa gwarancinmu ne. Su mutanen Gbagyi ko Gbari suke kiran kansu. Bakin Bahaushe ba shi da wannan sauti na "gb", sai ya mayar da shi "gw". Haka fatakenmu na goro suka yi wa mutanen Ngbanya na arewacin Gana, muka wayi gari da Gwanja. Wato mun kasa faɗin sunan mutum daidai, sannan muka ɗauki kuskuren namu muka raɗa wa duk wanda ya kasa faɗin namu.

Ba mu muka fara ba, kuma an yi mana. Girkawan da sukan kira duk wanda ba ya jin harshensu barbaros, don a kunnensu "bar-bar" kawai yake cewa. Larabawa kuma ajam suke kiran wanda ba Balarabe ba, wanda maganarsa ba ta fita sarai. Daga nan aka samo ajami, rubutun da malamanmu suka yi waƙoƙi da wasiƙu da shi shekaru aru-aru. Mun karɓi sunan har muna alfahari da shi.

Akwai ɗabi'ar da aka san Gwarawa da ita ta gaske: matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, saboda girman da suke ba kai. Wannan ba mu yi masa kalma ba. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta rasu a 1984, wadda hotonta ke kan naira 20, Bagwariya ce. Kuma a ƙasar kakanninsu aka zaɓi gina babban birnin tarayya a 1976, aka tashi ƙauyukansu da dama.

Yanzu abin ya zagayo kanmu. Tsohon Birnin Gwari, da dajin Kamuku da aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ba don tarihi ko namun daji ake jin sunansu a labarai ba. Shekarun da aka kwashe ana tare hanyar Kaduna ana kwasar mutane sun sa sunan garin ya fara ɗaukar wata ma'ana a bakin waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Ɗalibinmu ya je Zariya ko Kano, a tambaye shi garinsu, ya ce Birnin Gwari. Sai wani ya ja jakarsa ya rungume, wai wasa yake yi, 'yan ɗaki su kwashe da dariya. Shi ma yakan yi murmushi, ko da a ranar ne aka bugo masa waya cewa mahaifinsa bai samu shiga gona ba bana.